Ƙarfin doki kaɗai ba ya sayar da motar gudu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina bibiyar shafinku na motoci, kuma na lura duk sanda aka zo maganar sababbin motocin salun masu gudu, lambobi biyu ake kawo mana: ƙarfin doki nawa ne, da daƙiƙa nawa motar ke ci kafin ta kai kilomita 100 a awa. Masu sayen irin waɗannan motoci don daɗin tuƙi sun daɗe da wuce nan. Abin da ke sa su zaro kuɗi ko su fasa shi ne wane inji aka sa, wace giya aka haɗa masa, da kuma nauyin da aka jibga wa motar kafin a samu wannan ƙarfin.

A dubi Mercedes-AMG C63. Tsohuwar tana da inji V8, wato mai silinda takwas, mai lita 4 da turbo biyu masu tura wa inji iska da ƙarfi. A 2022 aka fito da sabuwa mai silinda huɗu, lita 2, aka haɗa ta da batir da injin lantarki a ƙafar baya. A takarda ta fi tsohuwar nesa ba kusa ba, doki 671 ne. Amma nauyinta ya haura kilo 2,100, rurin V8 kuma ya tafi, sai masoyanta da yawa suka ja baya. BMW ta bar wa M5 ta 2024 injinta V8 mai lita 4.4, amma ita ma da aka saka mata batir sai ta zarce kilo 2,400, wato kusan rabin tan a kan wadda ta gada.

Nauyi shi ne abin da talla ba ta faɗa. Idan mota ta ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyi, to a gudu ɗaya ƙarfin da za a kashe kafin ta tsaya ya ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu. Injin lantarki yana kwashe wani abu ya mayar batir, amma a taka birki mai tsanani yawancinsa faifan birki ne ke sha a matsayin zafi. Man birki ya tafasa, birki ya yi laushi a ƙafa, tayoyin gaba su cinye ta gefe saboda kwana. Batir yana iya ƙarewa, nauyinsa kuwa yana nan daram.

Maganar giya ce ta fi tona asirin zuciyar mai saye. BMW M3 ta yanzu tana zuwa da giya iri biyu. Mai giyar hannu shida tana ba da doki 473, kuma ƙafar baya kaɗai ke ja. Wadda ake kira Competition, mai giyar otomatik takwas, ta fito da doki 503, ƙarfin murɗawarta, wanda ake aunawa da Nm, ya kai 650, ta hannun kuma aka tsayar da ita a 550. Ke nan wanda ya zaɓi giyar hannu ya san sarai motar da ta fi jinkiri ya ɗauka, kuma da gangan ya yi. Yana son ƙafar hagu ta taka kuloci, hannu ya ji giya ta faɗa mazauninta, ya daidaita totur da kansa lokacin saukowa daga ta uku zuwa ta biyu a bakin kwana. Cadillac ta gane wannan, shi ya sa CT5-V Blackwing mai doki 668 take zuwa da giyar hannu shida. A ganina wannan giyar ta jawo mata masoya fiye da dawakin.

Su ma masu son otomatik ba kowace suke karɓa ba. M3 ta baya tana da giya bakwai mai kuloci biyu, wadda ke canjawa kamar ƙiftawar ido, har ka ji ta buge ka a baya. BMW ta ajiye ta ta koma ta kamfanin ZF mai amfani da mai wajen miƙa ƙarfi. Giya mai kuloci biyu ba ta son cunkoso. Idan ana tafiya taku-taku, kulocin yana rabi a kame rabi a sake, yana gugawa yana zafi, daga nan sai fizga da karkarwa a tashi. Ta ZF tana tashi lami lafiya, tana jure ƙarfin murɗawa mai yawa, sannan tana kulle kanta da wuri don kada ƙarfi ya zube. Wasu suna cewa ta yi ladabi da yawa, kuma suna da gaskiyarsu.

Sai abin da ke jiran mai mota bayan garanti ya ƙare, wanda shi ne masu wayo suke fara tambaya. Yawancin sababbin injinan nan kai tsaye suke fesa fetur cikin silinda. Fetur ba ya bi ta bayan bawul ɗin shigar iska balle ya wanke shi, don haka tururin baƙin mai yana daskarewa a wurin ya zama baƙin dauɗa mai tauri. Alamarsa inji ya riƙa rawa da sanyin safiya, fulogi ya riƙa tsallake wuta. Maganin da ake zubawa a tanki ba ya kaiwa wurin. Sai an kwance bututun iska an fesa niƙaƙƙen ɓawon goron walnut da iska mai ƙarfi an kankare. Injin Lexus IS 500, V8 mai lita 5 marar turbo, yana fesawa ta hanyoyi biyu, cikin silinda da kuma ta bayan bawul, kuma wannan na cikin dalilan da masu niyyar riƙe mota shekaru goma suke leƙa ta, ko da giyarta ba ta kai na Jamus zafin nama ba.

Haka man giya. Giyar DSG ta Volkswagen mai kuloci biyu a cikin mai, irin mai giya shida, ana canja mata mai da tacewa duk kilomita 60,000. Wanda ya yi sakaci, garin kuloci zai gurɓata man ya toshe ƙananan bawul na akwatin da ke sarrafa giyar. Wasu kamfanoni kuma suna rubuta cewa man otomatik ɗinsu na har abada ne, alhali ZF da ta ƙera giyar tana ba da shawarar a canja. Ni dai maganar maƙerin zan bi.

Ƙarar inji ma ta zama abin tuhuma. Tun wajen 2018 dokokin hayaƙi na Turai suka sa aka cusa matatar toka a salansar motocin fetur, murya ta dushe, kamfanoni da dama kuma suna cike giɓin da sautin inji ta lasifikar cikin mota. Mai gwada mota ya nemi a rage wannan sautin in ana iya yi, ya sauke gilashi ya ji ainihin muryarta. Ya sa giya babba inji na juyi 1,500 a minti, ya taka totur ya ƙirga jinkirin turbo. Ya bi da ita cikin cunkoso na minti ashirin ya ji yadda take tashi, sannan ya taka ta da ƙarfi sau uku ko huɗu a jere, domin wasu injinan idan iskar da turbo ke turawa ta yi zafi, kwamfutar mota tana rage musu ƙarfi.

Roƙona, Malam Edita, idan za ku sake kawo sabuwar mota, ku sa mana nauyinta kusa da ƙarfin dokinta, ku faɗi irin giyar da sunan wanda ya ƙera ta, da kilomita nawa ake canja mata mai.

Wassalam,
Wani mai karanta shafinku na motoci