Wasiƙa kan tambayar ɗalibinka

Ɗan'uwana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Wata huɗu ko layi ɗaya babu, sai da ɗan ajin baftisma ya ƙure ka sannan ka tuna da mu. Ba komai, mun saba. Yaya iyali, yaya ƙafar? In har yanzu kana cewa za ta warke da kanta, wurin uwargida zan kai ƙara.

Tambayar yaron nan tana da nauyi. Ya ce mahaifinsa ba Kirista ba ne, amma bai taɓa cin amanar kowa ba, yana riƙon marayu, ya fi wasu dattawan ikkilisiya gaskiya, to me tuba za ta ƙara wa irinsa? Kada ka kuskura ka ce masa kirkin mahaifinsa na bogi ne. Da idonsa ya gani. Ranar da ka faɗi haka, ranar zai daina yarda da sauran abin da kake koyarwa.

Ka buɗe masa Ayyukan Manzanni sura 10, ku bi ta a hankali. Karniliyus wani hafsan sojan Roma ne a Kaisariya, ba Bayahude ba, ba a yi masa baftisma ba, amma mala'ika ya zo masa wajen ƙarfe uku na rana ya ce addu'o'insa da sadakarsa sun kai gaban Allah. Ka tsaya nan tukuna, ka bar aji su ji: Allah bai raina alherin mutumin ba. Sannan ka ci gaba. Duk da haka an ce ya aika Yafa a kira Bitrus, kuma a 11:14 an faɗi dalili, wato zai ji maganar da za ta kai shi ga ceto, shi da gidansa. Abu biyun suna zaune tare a labari ɗaya, kada ka jefar da ɗaya don ɗaya ya yi sauƙin bayani.

Abin da masu wa'azi ke tsallakewa shi ne Bitrus ma sai da aka juya shi. Sau uku aka nuna masa wahayin dabbobin da Yahudawa ba sa ci, aka ce ya yanka ya ci, kafin ya yarda ya shiga gidan wanda ba Bayahude ba, bayan nan ma ya sake zamewa a Antakiya, ya daina ci tare da waɗanda ba Yahudawa ba, har Bulus ya tsauta masa a gaban jama'a. Manzo ke nan fa.

Af, kafin in manta, mutumin naka mai ganga ya sake rigima da shugabar mawaƙa, kan waƙar nan dai. Kowa ya ce kai ka koya masa taurin kai.

To, daga ina kirkin wanda ba Kirista ba yake fitowa? Romawa 2:14-15 ta ce al'ummai da ba su da Shari'ar Musa sukan yi abin da Shari'a ta ce, lamirinsu na shaida. Matiyu 5:45 ta ce rana da ruwan sama na kowa ne. Masana tauhidi na kiran wannan alherin Allah na kowa da kowa, dabam da alherin ceto. An daɗe ana jayayya a kai. Wani malamin Kirista na zamanin da, Felajiyus, ya koyar cewa mutum na iya bin umarnin Allah da ikon da aka halicce shi da shi, bishop Agustin ya ƙi, taron bishop-bishop na birnin Kartej a shekara ta 418 ya yi watsi da koyarwar. A 1964 babban taron Batikan na biyu, na ikkilisiyar Katolika, ya ce wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, amma yana neman Allah da zuciya ɗaya, zai iya samun ceto. Da yawa daga cikin Furotesta ba su kai nan ba, suna riƙe da Ayyukan Manzanni 4:12 da Romawa 10:14, wato babu ceto sai ta sunan Yesu, kuma sai an ji kafin a gaskata. Ka faɗa wa ajin ra'ayin ikkilisiyarka, ka kuma faɗa musu akwai saɓani. Hukuncin mahaifin yaron kuwa ba a hannunka yake ba, kada ka yanke.

Ita tuba juyowa ce. Mutum ya daina dogara ga nasa adalci, ya dogara ga Almasihu, sannan hali ya bi baya. Haka Afisawa 2:8-10 ta jera su, alheri, bangaskiya, sai ayyuka nagari. Nikodimu malami ne mai mutunci, shi aka ce wa sai an sake haifarsa. Zakka mai karɓar haraji kuwa tasa tubar ta fito a lissafi: rabin dukiya ga matalauta, wanda ya cuta ya mayar masa ninki huɗu.

Inda ake ɓata abin a aji wuri uku ne. Ana sa masu ba da shaida su ƙara gishiri a muguntarsu ta da, sai wanda ya taso da tarbiyya ya ga kamar tubarsa ba ta cika ba. Ana ɗaukar hawaye da sauya suna a matsayin tuba, ba a tambayar bashi da gaba da ƙarya. Mafi muni, sabon tuba ya koma gida yana yi wa iyayensa kallon raini, alhali umarnin girmama uwa da uba bai ce sai in Kirista ne ba. Ka ce wa yaron ya ƙara yi wa mahaifinsa biyayya fiye da da.

Wai da gaske ne ƙanwarka ta fasa karatun jinya? Ka rubuto da bayani, kuma littafin nan da ka ara bara bai manta hanyar gida ba, mai shi ma bai mutu ba.

A gaida uwargida da yara.

Naka har kullum.