Godiya ga shagon gyaran rediyo na Hindawiyya, Jidda

Assalamu alaikum.

Mu masu sauraren rediyo mazauna Jidda muna miƙa godiya ga Baba mai gyaran rediyo a Hindawiyya.

Da labarin rasuwar mai shirin gaishe-gaishen nan na Rediyon Kaduna ya iso, wanda iyayenmu ke lalubo muryarsa a gajeren zango mita 49 bayan isha'i, sai aka tattaro kaset 34 na shirinsa daga gidaje, wasu tun shekarun 1980. Allah ya jiƙansa da rahama.

Da muka kai su a gyara a juye cikin kwamfuta, shaguna biyu sun ce a zubar, wai zamanin kaset ya wuce. Na uku ya fi ɓarna: ya jefa ɗaya a rikoda bai duba ba, ta tauna zaren.

Baba kuwa bai kunna ko ɗaya ba sai da ya buɗe su. Laimar Jidda tana sa fumfuna, zare ya manne da juna, don haka da biro ya riƙa juya kowanne a hankali har ƙarshe. Ɗan soson da ke danna zare a jikin kan rikoda, wato ƙarfen da ke karanta sautin, ya faɗo a guda 9, shi ne ke sa murya ta shaƙe. Ya liƙa sababbi. Inda zare ya tsinke ya haɗa ta baya da tef na musamman, ya ce salatif yana narkewa ya ɓata na kusa da shi. Bayan kowane kaset sai ya goge kan rikodar da robar jan zare da sifirit, ya kuma murɗa ɗan sukurun kan har harafin "s" ya fito tas.

Kaset mai minti 90, minti 90 yake ba shi wajen juyewa cikin kwamfuta, ba ya gaggawa. Ya ba mu sautin a fayil iri biyu, WAV na ajiya da MP3 na turawa a WhatsApp. Guda 3 da suka gagara, ya faɗa mana gaskiya, bai karɓi ko riyal a kansu ba.

Abin takaici, masu gyaran yanzu canjin gilashin waya kawai suka iya, abin da ya wuce haka sai su ce ka sayi sabo. Bel ɗin rikoda ma sai an zaga gari kafin a samu.

Baba, ranar da aka kunna wa dattawa sallamar marigayin, ba wanda ya iya magana. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya.