Wasiƙa daga Paris zuwa Damagaram

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ni ma lafiya lau, sai sanyi, shi ma da sauƙi. Aikin shagon firam yana tafiya. Na turo yuro 150, wajen jika 98 ke nan. Jika 60 na hatsi ne da maganin Baba, kada a taɓa su. Ragowar na Auta ne, na kayan fenti, ba na shayin majalisa ba. Na ji Kawu yana cewa zanen nan zaman banza ne. Ki ba shi haƙuri, amma a bar yaron.

Auta, katin da ke cikin ambulan naka ne. Zanen Claude Monet ne na 1872, tashar jiragen ruwa ta Le Havre da sassafe, garin da ya tashi. Ainihinsa yana gidan tarihi na Marmottan a nan Paris, ɗan ƙarami, santimita 48 a 63. Da aka baje shi a 1874, wani ɗan jarida, Louis Leroy, ba'a ya yi masa, wai aiki ne da ba a gama ba. A 1985 ɓarayi da bindiga suka ɗauke shi, sai 1990 aka gano shi.

Kada ka manna ido a kai, ja da baya. A kusa ruwan shafe-shafen burushi ne gajeru a kwance, daga nesa sai ya soma motsi. Ranar kuwa kamar tamu ta hunturu cikin hazo. Ɗauki hoton katin da waya ka mai da shi baƙi da fari, za ka ga ta kusa ɓacewa, don haskenta daidai yake da na sama. Launi ne ke fito da ita, ruwan lemo a kan shuɗi.

In za ka gwada, shafin farko ya zama toka-toka mai shuɗi, tsinkakke, ka bar shi ya sha iska. Mai kauri a sama yake zuwa. In ka juya su, fentin zai tsattsage. Bututun hayaƙi da jiragen baya inuwa kawai za ka yi musu. Hasken rana a kan ruwa shi ne ƙarshe: aza burushi ka ɗage hannu. In ka cuɗa ruwan lemo da shuɗi a kan kyalle, ruwan ƙasa za ka samu. Shi Monet wajen Eugène Boudin ya koyi zane a fili, kai ma tafi bakin tafki bayan sallar asuba, ka yi sauri, hasken ba ya jira. Mutumin cikin kwalekwale a zanen Monet ɗigo ne, ba fuska, ka nuna wa Kawu.

Inna, rashin zuwana bikin nan yana cina, Allah ya sani. Takardu ne, kuma ana kan su. Jika 60 ɗin nan a hannunki za su zauna, ba a hannun Yaya ba. A gaishe da Baba da jiki, da Gwaggo da yara.

Wassalam,
ɗanki