'Yata, kada sana'ar nan ta rufe miki baki

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke nan. Babanki yana gaishe ki, ƙafar ta yi sauƙi, har ya fara takawa ba sanda. Na zaɓi in rubuto miki ne saboda in na kira ki a waya kuka ke riga ni magana, ke kuma kin iya kashe zance da "Umma, kar ki damu", mu rabu ban faɗi abin da ke raina ba.

A bakin ƙanwarki na ji kin ajiye aiki. Suɓutar baki ta yi, kada ki ga laifinta. Da na matsa mata sai ta miƙo mini wayarta, na ga hotonki kina murmushi, a ƙasa an rubuta kocin rayuwa, mai taimaka wa mata su miƙe bayan faɗuwa. Ga kuma bidiyon tallarki, sau uku na kalle shi. Na farkon ban ji ko kalma ɗaya ba, fuskarki kawai nake kallo, kumatu sun dawo, ido ya washe, murya ta fito sarai. Na yi ta hamdala. Wanda bai gan ki a waccan shekarar da ciwon damuwa ya kayar da ke ba, ba zai san abin da na gani a wannan fuskar ba.

Ki sani tun farko ban raina niyyarki ba. Tun kina ƙarama Allah ya ba ki kunne, yaran da suka girme ki ma wurinki suke kawo kukansu. Kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, macen da ke cikin duhu ta fi sakin jiki da wadda ta taɓa shigarsa. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Da yake ban san sana'ar ba, sai na sa yayanki ya zauna da ni muka karanta. Ashe akwai babbar ƙungiyar masu wannan aiki ta duniya, ICF, wadda wani Ba'amurke mai suna Thomas Leonard ya kafa a 1995. Takardar shaidarsu mafi ƙanƙanta ma ba sa ba mutum sai ya yi awa 60 na karatu, ya yi awa 100 yana zama da mutane, kuma wani gwani ya yi awa 10 yana duba aikinsa yana yi masa gyara. Ta gaba da ita awa 125 na karatu ce da awa 500 na aiki. Ta ƙoli kuwa sai mutum ya tara awa 2,500. Ke kwas ɗin mako shida kika yi a intanet. Awa nawa ke nan, 'yata? Wa ya taɓa zama ya saurare ki kina aiki, ya ce miki nan kin yi daidai, nan kin kauce? Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a yawancin ƙasashe babu dokar da ta hana kowa ya wayi gari ya kira kansa koci. Ni shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin jinya, da lasisi a hannuna wanda za a iya ƙwacewa in na yi ganganci, da na gaba da ni mai tsawata mini. Ba na jin daɗin tsawar a lokacin, amma ta tsare marasa lafiya daga kuskurena, ni ma ta tsare ni. Ke babu kowa a samanki.

Ita kanta ƙungiyar ta faɗa ƙarara cewa wannan aiki daban, aikin likitan ƙwaƙwalwa daban, kuma in koci ya ga abin ya fi ƙarfinsa wajibi ne ya tura mutum wurin masana. To amma dubi tallarki. Kin kira matan da suka faɗi. Wa kike tsammani zai amsa? Wasu masu neman tsara lokacinsu ne da harkokinsu, waɗannan kam za ki iya da su, har ki yi musu amfani. Amma cikinsu sai an samu irinki ta wancan lokacin, wadda ta kwana bakwai ba barci, wadda ta fara rabar da kayanta tana neman gafarar mutane ba dalili. Za ta kira ki ƙarfe biyun dare, domin kin ce mata ke ma kin bi ta nan. Me za ki ce mata? Lambar wane likita ke hannunki? Kin san yadda ake tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ba kwana-kwana? Ana tambaya, tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ita ke buɗe masa baki. Amma abu ne da ake koya, kuma wanda ya yi tambayar dole ya san inda zai kai amsar.

Duk wannan ba shi ya hana ni barci ba. Abin da ya hana ni barci yana wajen minti na huɗu na bidiyon, inda kika dafa ƙirji kika ce, "Na warke sarai, ban ƙara waiwayar magani ba." Gabana ya faɗi. Na ce da ƙanwarki ta mayar da shi baya, na sake ji, haka kika faɗa.

Gaskiya ne? In ke da likitarki kuka zauna kuka yanke, aka riƙa rage shi kaɗan-kaɗan har aka tsaya, to alhamdulillahi, ki faɗa mini hankalina ya kwanta. In kuwa ke kaɗai kika ajiye shi don ya dace da labarin da kike bayarwa, wallahi kin zalunci kanki. Maganin ciwon damuwa ba a yanke shi rana ɗaya. Ko bayan mutum ya ji garau ana so ya ci gaba da sha aƙalla wata shida, wanda ciwon ya yi wa tsanani ko ya taɓa dawo masa ya fi haka. Mai yanke shi farat ɗaya yakan sha jiri, da rashin barci, da saurin fushi, da wani abu kamar jan lantarki a cikin kai. Kuma kusan rabin waɗanda suka warke daga karon farko, ciwon yakan sake dawo musu wata rana, kowace dawowa kuma tana share wa ta gaba hanya. Ba fata nake miki ba, Allah ya sani. Abin da na gani da idona a asibiti nake gaya miki, mutanen da muka sallama suna dariya, bayan shekara aka dawo da su a riƙe.

Yanzu ki saurare ni da kyau, don nan ne tsorona yake. Mai sayar da kaya jarinsa kayansa ne, in ya kwanta ciwo kayan na nan suna jiransa. Ke jarinki wannan kalma ce, "na warke". Da ita kika yi talla, saboda ita mata za su biya ki, ita ce sunanki yanzu a idon mutane. To ranar da kika farka kika ji nauyin nan ya dawo ya danne miki ƙirji, ga mata talatin suna jiran saƙonki na safe mai ƙarfafa zuciya, za ki iya buɗe baki ki ce yau ba ni da lafiya? Na san ki. Za ki wanke fuska, ki gyara ɗaurin kai, ki kunna waya ki yi musu murmushi, ki kashe ki koma ki kwanta. Wancan karon fiye da shekara kika ɓoye mana, alhali ba abin da za ki rasa in kin faɗa. Yanzu kuwa kin ɗaura abin hannunki da mutuncinki a kan cewa kin wuce wurin. Ina tsoron sana'ar nan ta rufe miki baki a ranar da kika fi bukatar buɗe shi.

Har yau in na ji ƙarar ruwa na zuba a banɗaki ya daɗe, sai na tashi na je bakin ƙofa. Kin san dalili. Wata huɗu na yi ina ƙirga ƙwayoyin da ke cikin kati kowace safiya, ina ɓoye sauran a ƙarƙashin kayana. Ni na zauna da mataji na kwana biyu ina warware gashinki da ya dunƙule, kina zaune kamar ba kanki ake taɓawa ba. Labulen ɗakin nan in na yaye, kafin in kai ƙofa kin mayar. Ba zan iya sake ganin wannan ba, 'yata. Ƙarfin da na yi wancan da shi babu shi yanzu.

Sai kuma ga wata magana da kika yi a bidiyon, wai a lokacin babu wanda ya tsaya miki. Haba! Babu kowa? Yayanki da ya bar nasa iyalin ya riƙa kwana a ƙofar ɗakinki fa? Babanki da ya sayar da abin da kin san ya sayar, bai taɓa tayar da zancen ba har yau? Wannan kalma ta sosa shi, ko da yake bai ce komai ba, miƙa wayar kawai ya yi ya fita. Na san labarin wadda ta tashi ita kaɗai ya fi jan mutane, amma ba gaskiya ba ne, kuma kina koya wa matan da ke sauraronki cewa ana fita daga wannan rami ba hannun kowa. Wata za ta ji ta ƙi neman taimako. Ki cire shi. Haka zancen gidan aurenki, ba naki ne ke kaɗai ba da za ki riƙa buɗe shi a gaban duniya duk mako. Akwai abin da in an yawaita faɗarsa don a ja mutane, sai ya daina zama naka.

In kuwa da ni kike, to a nan ina da laifi, ba zan musa ba. Sau biyu kika zo mini, sau biyu na ce ki yi haƙuri ki koma, ki yawaita addu'a. Da haka aka rene ni, kuma ina ganin rufin asirinki nake nema. Ni da nake gane ciwon a fuskar 'ya'yan wasu, na kasa gane shi a fuskar tawa, don ba na so ya zama shi ne. Na roƙi Allah gafara, ke ma na roƙe ki, kin ce kin yafe. Shi ya sa yanzu ba zan yi shiru ba ko za ki ji haushina. Na yi shiru sau ɗaya na ga abin da ya haifar.

Ban ce ki fasa ba. Ki yi abinki, amma ki koma wurin likitarki cikin makon nan, ki gaya mata duk abin da kika gaya wa duniya, har da zancen maganin. Ki nemi wadda ta daɗe a sana'ar ta riƙa duba aikinki, ki ci gaba da karatun har ya kai inda ya kamata. Ki rubuta a takardar yarjejeniyarki da kowace mace cewa ke ba likita ba ce, ki tanadi inda za ki tura wadda abin ya yi wa nauyi tun kafin ta zo. Wayar aiki ta zama tana da lokacin kashewa, tunda rashin barci shi ne ya fara kayar da ke wancan karon. Batun aikin da kika bari kuma, da kin yi shawara da na ce ki riƙe shi ko da rabin lokaci ne, domin irin wannan sana'a wata ya kawo wata ya hana, kuma mai tunanin kuɗin haya ba ta iya cewa da kowa ba ni ce zan iya da ke ba. In da hali ki je wurin aikin ki yi musu magana, ba abin kunya ba ne.

Kalmar nan ma ki canza ta. Ki ce musu kin samu sauƙi kuma kina ci gaba da kula da kanki. Wadda za ta guje ki don wannan, ta tafi.

Abu ɗaya nake roƙo tsakanina da ke, ko Babanki ba sai ya sani ba. Duk ranar da kika ji abin yana dawowa, kuma bakinki ya yi nauyi, ki turo mini kalma ɗaya a waya: labule. Ba zan tambaye ki komai ba, ba zan yi miki faɗa ba, ba zan ce ai na faɗa miki ba. Mayafina kawai zan ɗauka in taho. Wayata a gefen matashina take kwana.

Allah ya yi miki albarka, ya sa wa abin da kika fara albarka, ya tsare mini ke. Ki kira ni ranar Juma'a da yamma, ina so in ji amsar tambayar maganin nan daga bakinki.

Ummanki.