Rahoton Ayyukan Shekara: Tsuntsayen Ruwa da Fadamar Logone

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi da amanar da kuka ba shi, daga janyewar ruwan bara zuwa cikowar na bana. Jadawalin ƙidaya yana hannun sakatare, na kuɗi kuma wurin ma'aji.

Mun shiga ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda ake yi a tsakiyar Janairu tun 1967. A nan arewacin Kamaru, mun bi bakin tafkin Maga, da gonakin SEMRY, kamfanin noman shinkafa na gwamnati, da kududdufan gefen Logomatya, reshen kogin Logone, har garin Zina. Ɓangaren gandun dajin Waza da ke kusa da iyakar Najeriya ba mu taka ba saboda halin tsaro, kuma a jadawali an rubuta "ba a je ba", ba sifili ba. Wanda ya ga sifili zai ɗauka tsuntsun ne ya ɓace.

Kowace tawaga mutum uku ce: mai madubin hangen nesa, mai rubutu, da ɗan gari mai tuƙa kwalekwale. Ana farawa bayan sallar asuba, a tsaya wajen ƙarfe 11, domin daga nan hazo da kawalwalniya ba sa barin ido ya rarrabe komai. Babban garke ba a bin sa ɗaya-ɗaya. A ƙirga goma, a riƙe girmansu a ido, a auna sauran da shi; garken dubbai kuma da ɗari-ɗari. Abin da ya fi ɓata lissafi shi ne jirgi mai inji ya tayar da kirinjijiya, su sauka a kududdufin wata tawaga, a ƙirga su sau biyu. Don haka kowa ya fara a sa'a ɗaya, garken da ya tashi kuma a rubuta lokacin da inda ya nufa. Sababbin shiga kan haɗa kirinjijiya da ƙananan agwagin da ke zuwa daga Turai cin rani. Kirinjijiya tsaye take, wuya a miƙe, fuska fara, tana fito. Agwagin Turai kuwa a kwance suke bisa ruwa.

Gauraka a ƙasa take sheƙa, cikin ciyawar da ruwa ya kewaye, daga damina zuwa cikar ambaliya. Ƙwai biyu ko uku ne galibi, kwanci kusan wata guda. Masu sa ido da muka ɗauka cikin makiyaya da masunta an hana su zuwa bakin sheƙa: turbar da ƙafa ta buɗe cikin ciyawa, ita kare da mai kamun 'ya'ya za su bi. Daga nesa ake dubawa. Kamun 'ya'yan don sayar wa masu son ado a tsakar gida bai daina ba, alhali gauraka tana cikin jerin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, na tsuntsayen da ke fuskantar barazana, kuma wadda aka ajiye a gida da wuya ta yi ƙwai. Wanda ya ji labarin ciniki ya sanar da jami'an gandun daji, kada ya yi rigima da kowa.

Aikin da ya fi cin ƙarfinmu na ruwa ne. Dattawa sun san yadda fadamar ta koma bayan 1979, da aka gina madatsar Maga da jingar bakin Logone: babban yanki ya daina samun ambaliya, ciyawar burgu ta mutu, kifi da shanu da tsuntsaye suka ragu tare. Da aka buɗe wa Logomatya hanya a 1994, kimanin murabba'in kilomita 200 suka sake shan ruwa, ciyawa ta fara dawowa. A 2006 aka sa fadamar Waza-Logone cikin wuraren Ramsar, wato jerin dausayin da duniya ta amince a kare, amma takarda ba ta riƙe ruwa.

Yau damuwar ita ce magudanun kamun kifi. Masunci ya haƙa rami daga kogi zuwa kwari, idan ruwa ya fara ja a Nuwamba ya kafa raga a baki, tarwaɗa da karfasa su faɗa. Kwarin da aka haɗa da kogi yana ƙafewa da wuri, daidai lokacin da tsuntsu da saniya suka fi bukatarsa. A ganin kwamiti, cewa a toshe magudanun maganar banza ce. Dukiya ce, ana gadonta, ana sayar da ita. Abin da muka nema a zaman da aka yi gaban bulamai, wato masu ƙauyuka, shi ne a ɗaga 'yar jinga a bakin kwari, yadda ruwa zai wuce da kifinsa amma a bar na tsayin gwiwa.

Jingar laka zalla ba ta yi ba. Lakar nan tana tsagewa da rani, ruwan farko ya bi tsagar ya cinye ta daga ƙasa. Wadda ta tsaya ita ce ta buhunan ƙasa jeri biyu, a saɓa su kamar ginin bulo, a daddale, a dasa jema gefe da gefe tun farkon damina don saiwa ta kama. Buhun roba rana na cin sa cikin 'yan watanni idan ba a rufe shi da laka ba. Inda jinga ta faɗa kan burtali shanu sun tattake ta, saboda haka a tambayi makiyaya kafin a sa alama.

Maganar gidan sauro da ake mayar da shi taru, da shinkafar da ake jiƙawa da maganin ƙwari don kama agwagi, an yi ta a masallatai da kasuwanni, sannan da 'yan makaranta ranar 2 ga Fabrairu, ranar dausayi ta duniya. Naman da guba ta kashe, gidan mutane yake shiga.

Baɗi muna bukatar ƙarin madubai, da rigunan ruwa ga masu shiga kwalekwale, da mutanen da za su karɓi horon ƙidaya a Disamba. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa kafin babban taro.

Kwamitin gudanarwa