A Minti Biyar Na Farko Ake Kama Zuciyar Mai Kallo

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Na shekara 11 ina aikin tace hoton fim, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da sharhin da ake yi wa finafinan soyayyar matasa. Marubuci zai kwashe labarin kaf ya zuba, ya yanke hukuncin ko ya dace da tarbiyya ko bai dace ba, ya ajiye alƙalami. Ba ya faɗa wa mai karatu yadda aka yi aka kama zuciyarsa, alhali tun a minti biyar na farko ake gama wannan aiki, kafin wani ya furta kalmar so.

Kwanakin baya na zauna kallon irin wannan fim da 'yata mai shekara 15. Na ce mu kashe sauti tukuna. An buɗe da ɗauka daga sama, ga makaranta, ga ɗalibai birjik kamar tururuwa. Sai aka yanka, kyamara ta sauko daidai idon wata yarinya, tana bin ta a baranda. Duk wanda ke bayanta an mayar da shi dishi-dishi, ita kaɗai ce ta fito tar. Kuma ba a tsakiyar hoto aka tsayar da ita ba, an tura ta gefen hagu, an bar fili wayam a dama. Da gangan ake barin wannan gurbi, domin ido ya matsu ya ga wanda zai cike shi. Ta nan ɗin kuwa yaron ya shigo, fitila na bayansa ta zagaye gashinsa da haske, yana tafiyar hawainiya.

Tafiyar nan lissafi ce kawai. Tun ƙarshen shekarun 1920, da aka fara fim mai magana, hoto 24 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa. In aka ɗauki taku a hoto 48 aka haska shi a 24, sai ya ci ninkin lokacinsa, mai kallo ya ji kamar duniya ta tsaya.

Daga nan fuskarta, sai shi, sai fuskarta kuma. 'Yata ta ce, "Baba, ta kamu." Na mayar da fim baya, na tsayar da shi a inda yarinyar take duba littattafanta, na ce ta kwatanta. Kusan fuska ɗaya ce, ko gira ba ta ɗaga ba. Wannan shi ne abin da wani mai shirya fim, Lev Kuleshov, ya gwada a Rasha kimanin shekara ɗari da suka wuce. Ya haɗa hoton fuskar ɗan wasa Ivan Mozzhukhin da kwanon miya, sannan da akwatin gawa, sannan da wata mace, masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, a fuskar da ba ta canza ba. Soyayyar da 'yata ta gani, a teburin tacewa aka ƙulla ta, irin teburin da nake zama kullum.

Da muka kunna sauti, sai muka ji hayaniyar baranda ta yi ƙasa a hankali har ba abin da ya rage sai numfashinta, kafin kiɗan fiyano ya shigo.

Ga inda abin ya fi damuna. A fitowa ta gaba yaron ya tare mata hanya, ya fizge littafinta, ya ƙi ba ta sai ta faɗi sunanta. Da wannan haske da wannan kiɗa, sai abin ya zama burgewa. Wallahi a ba ni hotunan nan na awa ɗaya, in cire fiyano, in rage haske, in zaɓi ɗaukar da kyamara ke kallonsa daga ƙasa, in daɗe a kan hannunta da ke rawa, za ka rantse fim ɗin tsoro ne. Yarinyar da ba a nuna mata wannan ba, za ta ɗauka halin ne mai kyau.

Shi ya sa nake roƙon masu sharhi su riƙa ware ko da sakin layi ɗaya ga buɗewar fim: ina aka ajiye kyamara, idon wa muke aro, a wace daƙiƙa kiɗa ya shigo. Yara suna ɗauka da wuri. Kafin mu kai minti goma, 'yata da kanta ta karɓi rimot ta tsayar da fim, ta ce, "Baba, ka lura har yanzu ba a nuna mana fuskarta ba lokacin da ya fizge littafin? Murmushinsa kawai aka nuna."

Wassalam,
Wani mai tace hoton fim