Ladubban Shiga Ɗakin Kacici-Kacici

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana a kan wani wasa da matasanmu suka fara sha'awa, wanda Turawa ke kira eskef rum. Mu dai ɗakin kacici-kacici muke ce masa. Wasu sun buga shi a tafiye-tafiyensu, wasu a waya suka gan shi, wasu kuma suna so su kwaikwaye shi a makarantu da ƙungiyoyin matasa a nan Katsina.

Ga wanda bai san shi ba, mutane kaɗan ake shigarwa ɗakin da aka ƙawata bisa wani labari, a ce ofishin attajirin da ya ɓace ko rumbun kayan tarihi, a ba su minti 60. An ɓoye makullai da takardu da lambobi, an garƙame akwatuna da kwaɗo. Kowace amsa tana buɗe abin da zai kai ga ta gaba, har a isa ƙofar ƙarshe. Mai kula da wasa yana wani ɗakin yana kallo ta kyamara, yana jin duk abin da ake faɗa, yana aiko da ƙarin haske ta allon talabijin ko ta oba-oba. Takao Kato da kamfaninsa SCRAP ne suka fara shi a Kiyoto ta Japan a 2007. A 2011 ya kafu a Budafes ta Hangari, daga nan ya bazu.

Abin da ya fi kayar da mutanenmu a wannan wasa shi ne shiru, kuma shirun nan daga tarbiyya ya samo asali. A ce iyali ne suka shiga su biyar, har da yarinya 'yar shekara 12. Ta ɗaga darduma ta ga an rubuta 4 da jan alli a ƙasa. Kawunta yana can ya duƙufa a kan kwaɗo yana ta bayani, ita kuwa an rene ta a kan ba a katse babba. Sai ta mayar da dardumar ta koma gefe ta harɗe hannu. Minti goma sha biyar za su tafi ana neman lambar da ta riga ta gani. Haka ƙane ke yi a gaban yayansa, haka ɗalibi a gaban malaminsa, haka ƙaramin ma'aikaci a gaban oga. Maganin yana hannun babba, tun a bakin ƙofa. Ya ce, "Duk wanda ya ga wani abu ya faɗa da ƙarfi, ko ina cikin magana." Daga nan idan yarinyar ta ce, "Kawu, ga huɗu a ƙarƙashin darduma, da jan alli," ba ta yi rashin kunya ba, umarni ta bi. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, to a ɗakin nan yaron da ke rarrafe a ƙarƙashin tebur yakan riga babba gani.

Faɗar ma tana da tsari. "Na ga wani abu" ba ta amfani kowa ba. A faɗi mene ne, a ina yake, wane launi, guda nawa: "Ga kwaɗo mai lamba huɗu a jikin akwatin ƙarfe," ko "Ga hotuna uku, kowanne da harafi a bayansa." Wanda ke riƙe da takarda mai lambobi huɗu a ɗaya kusurwar, da ya ji sai ya gane inda za ta shiga. Sau da yawa kacici-kacici a ɗakin rabi biyu ne da aka raba wuri daban-daban, baki ne kaɗai ke haɗa su.

Yawan mutane kuwa, huɗu zuwa biyar ya fi daidai a ɗaki mai matsakaicin girma, ko da masu wurin sun ce yana ɗaukar takwas. Dambu idan ya yi yawa ba ya jin mai: mutum uku su rufe akwati ɗaya, sauran su tsaya suna kallon ƙeya.

Minti biyar na farko na bincike ne. A raba ɗakin, kowa ya ɗauki bango ɗaya da abin da ke jikinsa. A jawo durowa har ƙarshe a shafa bayanta da ƙasanta, a laluba aljihun rigar da aka rataye, a karkaɗe littattafai, a leƙa bayan labule da cikin tulu. In an gama sai a yi musaya, kowa ya sake bin inda ɗan'uwansa ya bi, kuma kada wanda aka bi bayansa ya ɗauka raini ne, domin ido yana sabawa da wuri ya tsallake abin da ke gabansa. Duk abin da aka samu a tara shi wuri ɗaya, a kan tebur ko tsakiyar darduma. Wanda aka gama amfani da shi a ware shi can gefe. Makullin da ya buɗe kwaɗo a bar shi a jikin kwaɗon, don a yawancin ɗakuna sau ɗaya ake amfani da kowane abu, in ba a ware ba wani zai ɗauki tsohon makulli yana zagayawa da shi. Mummunar ɗabi'a ita ce mutum ya jefa abu a aljihu "don kada ya ɓace". Ya manta, sai bayan an fito ya zaro shi. Mutum ɗaya kuma ya riƙe allo ko takarda yana rubuta duk lambar da aka kira da inda aka same ta.

Ƙarfin tuwo ba shi da aiki a nan. Ƙa'idar da masu wasan suka saba bi ita ce, abin da yatsu biyu ba su motsa ba, ba a yi shi don ya motsa ba. Ba a kwance ƙusa, ba a hawa kujera a taɓa silin, ba a cusa komai a soket ɗin wuta, ba a taɓa abin da aka manna wa alamar hani. Akwatuna da yawa maganaɗisu ne ke riƙe da murfinsu, da an jera kaya daidai za a ji ƙas, ya saki da kansa. Wanda ya fizge shi da ƙarfi ya tsinke waya, ya tsallake mataki biyu ko uku, ya rikita tsarin wasan gaba ɗaya, sannan waɗanda ke layi a waje su tarar da ɓarna.

Kwaɗo ma sai an san halinsa. Mai lamba huɗu yana da haɗi 10,000. Ko da daƙiƙa biyu ake gwada kowanne, za a haura awa biyar. Saboda haka cinke ɓata lokaci ne, sai dai in an samu lambobi uku ana neman ta ƙarshe, nan gwaji goma ne kacal, kuma yawancin masu wuri ba sa hanawa. Sau da yawa amsa daidai take amma kwaɗon ya ƙi, saboda an jera lambobin a tsakiya alhali layin da ake daidaita su yana gefe, ko kuma yana so a danna ƙarfensa ciki kafin a ja. Akwai wanda ake tura maɓallinsa sama da ƙasa, dama da hagu. Shi in an yi kuskure sai an danna ƙarfensa ƙasa sau biyu ya manta na baya, in ba haka ba ko an sa daidai ba zai buɗe ba. Akwatin kuɗi mai madannai kuwa, galibi in aka yi kuskure sau uku a jere yakan toshe na 'yan mintuna, don haka ba wurin gwaje-gwaje ba ne. In ka tabbata da amsarka kwaɗo ya ƙi, miƙa wa wani ya gwada kafin a yar da amsar. Ƙaramar tocila mai shuɗin haske da ake samu a wasu ɗakuna ta karanta ɓoyayyen rubutu ce, a haska ta a bango da takardu a inda duhu ya fi, a daina haska ta a idon mutane.

Sai batun kankanewa, wanda shi ne kishiyar shirun da muka fara da shi. A kowace ƙungiya akwai mai ganin shi ne gwani. Zai rungume takarda ɗaya minti goma, ya juya wa kowa baya, in an miƙo hannu ya ce "bari, na kusa." Ladabin shi ne, in ka yi minti biyar a kan abu bai motsa ba, ka ce "wa zai karɓa?" ka koma wani. Ba a fizge abu daga hannun mutum, ba a kuma yi wa shawara dariya. Idan wani ya ce a ƙirga tsuntsayen da ke jikin labule, gwadawa daƙiƙa goma ce, musu kuwa minti biyu ne, sannan wanda aka gwale ba zai ƙara buɗe baki ba. Wanda ya taɓa buga wasan sau da yawa, in yana tare da sababbi, ya riƙa nuna hanya yana bari su buɗe da hannunsu. Kowa kuɗi ya biya, kuma daɗin abin yana cikin jin kwaɗo ya saki a hannunka. In an buɗe sabon akwati ko ƙofa a kira kowa ya gani kafin a wawashe abin da ke ciki.

Neman ƙarin haske ba abin kunya ba ne. Tun a dandali, wanda kacici-kacici ya gagara yakan ba da gari a faɗa masa amsa a wuce. Ku yi yarjejeniya kafin shiga: in aka yi minti biyar zuwa bakwai ba a buɗe komai ba, a tambaya. Wasu wuraren sau uku suke bayarwa, wasu ba iyaka, sai a tambaya tun a waje. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi ta girman kai har saura minti biyar sannan a fara kiran mai kula, alhali sauran akwatuna huɗu. Kada kuma mutum ɗaya ya je ya tambaya a ɓoye ba da yawun sauran ba. Shi ma mai kula ɗan'adam ne, yana jin duk baƙar maganar da ake yi a kan ɗakinsa. A saurari bayaninsa na farko da kyau, domin a ciki yake faɗar abin da ba a taɓawa da yadda kwaɗunan ke aiki.

Ga masu son shirya nasu, labaran gida sun ishe mu: rijiyar Kusugu ta Daura, hasumiyar Gobarau, ƙofofin ganuwar Katsina. Ana iya yin lambar kwaɗo da hisabin haruffa, alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, a nan sai ka ga wanda ya yi makarantar allo ya riga mai digiri. Sai dai a ajiye jadawalin a wani lungu na ɗakin, a kuma nuna ta inda za a fara karantawa, dama ko hagu, don kyakkyawan ɗaki ba ya dogara da ilimin da mutum ya zo da shi daga gida.

A iso minti 15 kafin lokaci, domin masu wuri suna buƙatar mayar da komai mazauninsa tsakanin ƙungiya da ƙungiya, wanda ya makara daga mintunansa ake cirewa. A duba lokacin salla kafin a kama gurbi. Wanda ya shiga gab da magariba zai fito ta wuce. A kama ruwa tun a waje. Idan iyali ne da mata, a tambaya ko ana haɗa baƙi a ɗaki ɗaya, in ana yi a kama ɗakin duka. Waya a bar ta a ma'ajiya. Ɗaukar hoton amsoshi a watsa a WhatsApp ko Facebook kashe wa masu wuri kasuwa ne, kuma ya ɓata wa na baya wasa, tunda kowane ɗaki sau ɗaya mutum ke buga shi.

Abu na ƙarshe ya fi duk waɗannan nauyi. A ranar 4 ga Janairu 2019, 'yan mata biyar 'yan shekara 15 sun rasu a irin wannan ɗaki a garin Koshalin na ƙasar Folan, suna bikin ranar haihuwar ɗayarsu. Gas ne ya yi yoyo wuta ta tashi, su kuma suna kulle ba hanyar fita, hayaƙi ya kashe su. Don haka kafin a shiga a ce wa mai kula ya nuna yadda ake fita ba tare da warware komai ba, wani daga cikinku ya gwada da hannunsa. Ko ƙofar shiga ta kasance a buɗe take, ko akwai maɓallin gaggawa a gefenta, ko makulli rataye a inda kowa ke gani. Makullin maganaɗisu na kirki yana saki da zarar wuta ta ɗauke. A ƙasarmu da ɗauke wuta ba labari ba ne, a tambaya ko akwai fitila mai batir da ke kamawa da kanta, a kuma duba inda aka ajiye janareto, kada hayaƙinsa ya riƙa shigowa ta taga. A watannin Maris da Afrilu, mutum biyar a rufaffen ɗaki ba fanka na awa guda wahala ce, balle ga mai asma ko mai juna biyu. Makarantar da za ta shirya wa ɗalibai kada ta sa wa ƙofar aji sakata ko kwaɗo ko kaɗan. A sa "makullin fita" a cikin akwatin ƙarshe, wanda ya ɗaga shi sama an ci wasa, malami ɗaya kuma ya zauna a bakin ƙofa har a gama.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wasu malamai masu shirya wa ɗalibai wasannin kaifafa ƙwaƙwalwa,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.